Kyarketai Takwas a Kan Tebur: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Kira?

Mutum biyar ne zaune kewaye da tebur, gabansu takardu da fensir da 'ya'yan lido iri-iri, har da mai fuska 20. Huɗu daga cikinsu kowa yana riƙe da jarumi guda a cikin labarin da suke ƙagawa tare: ɗaya mayaƙi, ɗaya ɓarawo mai sanɗa, ɗaya mai warkarwa, ɗaya kuma bokan daji. Na biyar shi ne jagoran wasa, wanda ke bayyana musu duniyar da suke ciki, yake kuma magana da bakin abokan gaba. Faɗa ya kaure tsakaninsu da wani ƙaton dodo. Mayaƙi ya kai sara biyu, ya jefa ɗan lido, ya gama cikin ƙasa da minti guda. Da layi ya zo kan bokan daji, sai ya ce ya kirawo kyarketai takwas.

Dokar wasan ta ba shi dama. Sai dai daga wannan lokaci kowane zagaye na faɗan zai ƙunshi matsar da dabbobi takwas a kan taswira, da jifan hari har sau 16, domin kyarkecin da ke kusa da ɗan'uwansa yana jifa sau biyu ya ɗauki mafi girma, sannan jifan yawan raunin kowane cizo, sannan jifan ko dodon zai faɗi ƙasa. A cikin labarin daƙiƙa shida kacal suka wuce. A kan tebur kuwa, sauran 'yan wasa uku sun ɗauko wayoyinsu.

Wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma shi ne uban wasannin kwaikwayo na kan tebur. Babu wani sihiri a cikinsa face lissafi da takarda da ƙirƙirar labari, kamar tatsuniyar da masu sauraro ke da ikon juya akalarta. Fiye da shekara 50 ke nan masu tsara dokokinsa na kokawa da tambaya guda: idan jarumi ya kirawo wata halitta ta taya shi faɗa, yaya ya kamata ta yi aiki? Amsoshin da suka bayar sun sha bamban, kuma ta ƙarshensu, ta 2024, ta magance ciwon ta hanyar yanke gaɓar. Akwai amsar da ta fi ta, an ma riga an rubuta ta a wasu littattafan.

Sarkin yawa

A irin waɗannan wasanni, faɗa yana tafiya ne bi da bi. Kowane jarumi da kowane abokin gaba yana da layinsa a cikin zagaye, kuma a layin nan yana da adadin abin da zai iya yi: ya matsa, ya yi babban yunƙuri guda kamar kai hari ko yin sihiri, wani lokaci da ƙaramin yunƙuri a kai. Duk wanda ya daɗe yana wasan ya san cewa ɓangaren da ya fi yawan yunƙuri a zagaye shi ya fi kusa da nasara, ko da ɗaiɗaikun mayaƙansa ba su kai na ɗaya ɓangaren ƙarfi ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a nan ma.

Kiran halitta kuwa hanya ce ta sayen yunƙuri. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, sihirin Conjure Animals yana ba mai shi zaɓi: dabba guda mai ƙarfi, ko biyu, ko huɗu, ko takwas marasa ƙarfi. Yana iya ɗaukar sa'a guda. Idan aka yi shi da mafi girman matakin sihiri, adadin yana ninkuwa sau huɗu, takwas su zama 32. Cizon kyarkeci guda yana rage maki bakwai a matsakaici, saboda haka takwas, idan duk suka samu, maki 56 ke nan a zagaye guda. Shahararren sihirin dunƙulen wuta, wanda yake mataki ɗaya da wannan, maki 28 yake ragewa kowane mutum a matsakaici, kuma sau ɗaya yake fashewa ya ƙare. Kyarketai kuwa suna nan a zagaye na biyu da na uku, suna tare hanya, suna shanye saran da da kan jarumai zai sauka.

Duk wannan ƙarfi, ba shi ne babbar illar ba. Jagoran wasa na iya ƙara wa dodo ƙarfi ya daidaita faɗan. Abin da ba zai iya ƙarawa ba shi ne tsawon daren. Abokai sun ware sa'a uku ko huɗu bayan aikin mako, kuma kowa ya zo ne don jaruminsa ya taka rawa. Wanda ya kirawo takwas ya zama yana da layi tara, abokinsa yana da ɗaya. Jarumin labarin ya biya farashin sihirinsa sau ɗaya, amma mutanen da ke zaune a tebur suna biyan nasu farashin a kowane zagaye, ba tare da an shawarce su ba.

Yadda aka yi ta gyara

A bugu na uku, na shekarar 2000, da gyararrensa na 2003, halittar da aka kirawo tana bayyana ta fara aiki a layin mai kiranta, ta afka wa abokan gabansa iyakar iyawarta. Idan yana iya magana da ita, yana iya hana ta kai hari, ko ya nuna mata wanda za ta kama, ko ya sa ta wani aiki dabam. An sanya mata takunkumi biyu: kiran yana cin zagaye guda cur, wanda a cikinsa ana iya bugun mai sihirin ya rasa shi, kuma halittar ba ta wuce zagaye guda ga kowane matakin da jarumin ya kai. Wannan bugu ya kuma bambance abu biyu. Halittar da aka yi wa ɗan gajeren kira, idan an kashe ta, komawa take inda ta fito ta sake haɗuwa. Wadda aka jawo da jikinta na ainihi kuwa, idan ta mutu ta mutu ke nan, shi ya sa ba ta zuwa sai da ciniki ko tilas.

Bugu na huɗu, na 2008, ya juya zuwa ɗaya gefen gaba ɗaya. Halittar kira ba ta da yunƙurin kanta. Idan mai ita yana so ta kai hari, sai ya kashe nasa yunƙurin ya umarce ta. Tebur ya huta, amma halittar ta koma kamar sandar da aka miƙa daga nesa.

Bugu na biyar ya saki linzami. Dabbobin suna da layin kansu a matsayin ƙungiya, suna bin umarnin baki, kuma umarnin ba ya cin komai daga yunƙurin mai shi. Idan bai ce musu komai ba, za su kare kansu kawai. Abin da ke riƙe su shi ne tattara hankali: duk lokacin da aka raunata mai sihirin sai ya jefa ɗan lido, idan ya gaza sihirin ya warware, dabbobin su ɓace. Ba da daɗewa ba 'yan wasa suka gano wani sihirin makamancinsa, Conjure Woodland Beings, wanda ke kawo ƙananan aljanu masu fukafukai guda takwas, kowannensu na iya rikiɗa mutum zuwa dabba. Sihiri guda na mataki na huɗu sai ya haifi takwas irinsa, ƙungiyar jarumai ta koma garken manyan gwaggon biri. Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan tun da ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bayani ta hannun Jeremy Crawford cewa manufar dokar ita ce ɗan wasa ya zaɓi adadi, jagora kuma ya zaɓi irin halittar da za ta bayyana. Wannan ya toshe ɓarakar, ya kuma ɗora wa jagora aikin zama mai hanawa a tsakiyar faɗa.

A 2020 littafin Tasha's Cauldron of Everything ya kawo sabon salo: halitta guda tak, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa da matakin sihirin, tana yin aikinta nan take bayan layin mai kiranta. Idan ba a umarce ta ba, sai ta yi ta kauce wa hari tana nisantar haɗari. Daga nan, da aka sabunta babban littafin 'yan wasa a 2024, aka riƙe wannan salo, amma aka sake Conjure Animals daga tushe. Yanzu abin da ke bayyana inuwar garke ce da ba a taɓawa, mai sihirin yana matsar da ita, duk abokin gaban da ta kusanta ya jefa ɗan lido ko ya sha rauni. Ba ta da rai da za a rage, ba ta da layi, ba a iya kashe ta.

Aljanin fitila da aljanin tulu

Gyaran 2024 ya yi saurin da ake nema, amma ya yi kama da gyaran gangar Auzinawa. Wanda ya zaɓi bokan daji yana so ne ya ga dabba ta tsaya a gefensa, ta shaƙi sawun abokin gaba, ta tare ƙofa, ta ja abokinsa da ya suma daga cikin wuta, wataƙila ma ta faɗi a madadinsa. Inuwar da ke yawo tana rage maki ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da za a sauya mata suna zuwa guguwar wuƙaƙe, babu abin da zai canja a lissafi ko a labari.

Dalilin da ya sa wannan rashi yake da nauyi yana cikin labaran da wasan ya aro kiran halitta daga gare su. Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san aljanu biyu. Akwai na fitilar Aladdin, wanda ke bin duk wanda ya riƙe fitilar. Ranar da ta faɗa hannun matsafi, aljanin nan da ya gina fadar shi ne ya ɗauke ta da gimbiya a ciki. Akwai kuma wanda masunci ya fitar daga tulu, wanda godiyarsa ita ce alƙawarin kashe wanda ya 'yanta shi, har sai da masuncin ya yi masa dabara ya koma ciki. A Turai ma akwai almajirin matsafi na waƙar Goethe ta 1797, wanda ya sa tsintsiya ɗebo ruwa ya kasa tsayar da ita. A dukkan labaran uku, abin da ke riƙe mai sauraro shi ne tazarar da ke tsakanin mai umarni da mai aiwatarwa: ikon aro ne, yana iya kuɓucewa. Masu tsara wasan sun san wannan gado sarai. A 1992 TSR ya fitar da Al-Qadim, duniyar wasa da aka gina a kan irin waɗannan labarai, inda wani nau'in mai sihiri ke aiken ƙaramin aljaninsa ya samo masa sihiri, ya zauna yana jiran dawowarsa.

Idan aka auna da wannan ma'auni, kyarketan 2014 da inuwar 2024 kuskure ɗaya suka yi ta fuskoki biyu. Kyarketan suna da jiki amma ba su da ra'ayi: ɗan wasa yana jera su takwas kamar 'ya'yan dara, kowanne ya tsaya daidai inda lissafi ya fi riba, yana sanin abin da babu dabbar da za ta sani. Inuwar kuwa ba jiki ba ra'ayi. Babu tazarar nan a cikin ko wannensu.

Dokar da ta fi dacewa

Abu na farko da kyakkyawar doka ke bukata shi ne umarni ya ci wani abu daga layin mai umarni. Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, a bugunsa na biyu na 2019, ya nuna yadda ake yi. A can kowane jarumi yana da yunƙuri uku a layinsa. Kiran halitta yana cinye ukun duka. Daga nan, a kowane zagaye mai sihirin sai ya kashe guda don ya ci gaba da riƙe ta, ita kuma ta sami biyu. Ya ba da ɗaya ya karɓi biyu, riba ce amma mai iyaka, kuma a kowane zagaye yana fuskantar zaɓi na gaske: ya riƙe dabbar, ko ya ɗaga garkuwa, ko ya gudu. Halittar ba ta da ikon kiran wata, kuma ba ta wuce minti guda.

Masu suka za su ce farashi yana kashe daɗin abin, kuma suna da hujja. A bugun 2014 na Dungeons & Dragons akwai maharbi mai abokiyar dabba, wanda sai ya sadaukar da babban yunƙurinsa kafin dabbar ta kai hari. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafi a kansa shekara da shekaru, har littafin Tasha ya mayar da umarnin kan ƙaramin yunƙuri. Darasin da ke nan na yawan farashi ne. Idan umarni ya cinye layi duka, babu wanda zai so ɗan aike, gara ya je da kansa. Idan kuma kyauta ne, kowa zai tara 'yan aike takwas. Kashi ɗaya cikin uku, ko ƙaramin yunƙuri, ya faɗa a tsakani.

Abu na biyu shi ne halittar ta kasance tana da halin da za ta koma gare shi idan an yi shiru. Dokar da ta ce ta tsaya tana kauce wa hari ba ta da haɗari, amma ba ta da ɗanɗano: kyarkecin da ya ga an kayar da maigidansa ba zai tsaya yana kallo ba. Bugu na huɗu, duk da tsaurinsa, ya yi wani abu mai kyau a nan. Dabbobin bokan daji suna da aikin ɗabi'a da aka rubuta wa kowace: idan ba a umarce ta ba, za ta yi abin da irinta ke yi, galibi ta afka wa na kusa da ita. Jimla guda ce a kan takarda, ba ta cin lokaci, amma tana sa dabba ta zama dabba.

Abu na uku shi ne babban kira ya zo da babban haɗari. Wannan ma yana cikin bugun 2014, a gefen kyarketan. Sihirin Conjure Elemental yana kawo halittar wuta ko ruwa ko iska ko ƙasa. Idan hankalin mai kiran ya tsinke, ba ta ɓacewa: tana juyowa ne ta zama abokiyar gabarsa da ta abokansa, ba ya kuma iya sallamarta sai sa'ar ta cika. Littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya ƙara wani, inda shaiɗanin da aka kirawo yake yunƙurin ƙwacewa a ƙarshen kowane layinsa, kuma ambaton sunansa na ainihi yana sa ƙwacewar ta yi masa wuya. Wannan shi ne aljanin tulu a rubuce cikin doka. Da zarar irin wannan halitta ta bayyana, mayaƙi yana da dalilin tsayawa gaban mai sihiri ya kare shi, mai warkarwa yana lura da shi, ɓarawo yana duban hanyar fita. Kiran ya zama abin da ya shafi kowa a tebur, babu mai duba waya.

Za a iya cewa ba adalci ba ne sakacin mutum ɗaya ya jawo wa ƙungiya masifa. Gaskiya ne haɗarin na kowa ne, shi ya sa ya dace a san shi tun kafin a jefa ɗan lido, abokai su sami bakin cewa a yi ko a bari. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancinsa da kyarketai takwas shi ne, wannan farashi ana biyan sa ne a cikin labarin, inda yake haifar da abin tunawa, wancan kuwa ana biyan sa da zaman jira.

Abin da tebur zai iya yi

Ba lallai ne a jira sabon bugu ba, domin tun asali littattafan sun bar wa kowane tebur ikon daidaita doka. Ƙungiyar da har yanzu ke amfani da dokokin 2014 na iya yarda tun ranar farko cewa kira ba zai wuce halitta ɗaya ko biyu ba. Idan labari ya bukaci garke, littafin jagoran wasa na wannan bugu yana da jadawalin taron maƙiya, wanda ke faɗin nawa daga cikin takwas za su samu ba tare da jifa ba, sai a haɗa da matsakaicin rauni a gama a numfashi guda. Ana kuma iya raba dabbobin ga sauran 'yan wasa, kowa ya riƙe biyu, lokacin da aka ci ya zama na kowa. Mai kira ya zo da bayanan halittarsa a rubuce a kati, kada a tsaya buɗe littafi ana tsakiyar faɗa. Umarninsa ya zama gajere, irin wanda za a iya faɗa cikin daƙiƙa shida, kamar “kama wancan” ko “tsare ƙofa”, sauran kuma a bar wa halin dabbar da hukuncin jagora.

Da an bi wannan a teburin farko, bokan daji zai kirawo babban kyarkeci guda, ya nuna masa dodon, ya rasa wani ɓangare na layinsa wajen riƙe shi. Idan dodon ya buge bokan ya suma, kyarkecin ba zai nemi izini ba kafin ya tsaya a kansa yana gurnani. Jifa biyu ko uku sun wadatar da wannan duka, sannan layi ya wuce kan mai warkarwa, wadda yanzu sai ta yanke shawara ko za ta iya ratsa gaban dabbar ta kai ga abokinta.